Yadda Ake Gyara Lup ɗin Ganga da Kwantirola Ana Tsaka da Wasa

Mai haɗa kiɗa a sutudiyo yana cikin wata ni'ima da ba ya sanin darajarta sai ranar da ya tsaya a gaban jama'a. A sutudiyo, idan kik, wato bugun babbar ganga mai kauri, ya faɗi inda bai dace ba, sai ya tsayar da kiɗan, ya ja linzamin kwamfuta ya gyara, ya sake kunnawa, kuma babu wanda ya ji. A dandamali kuwa lup, wato ɗan guntun kiɗan da ke maimaita kansa, yana zagayawa ne ba ya jiran kowa, masu rawa sun riga sun ɗora ƙafafunsu a kansa, kuma duk abin da yatsa ya taɓa zai fito ta lasifika a zagaye na gaba. Wannan jagora ta shafi yadda ake sauya lup ɗin ganga a cikin wannan hali, ta hanyar kwantirola mai maɓallan roba da na murɗawa, ba tare da an tsayar da kiɗa ba. Zan kafa misali da manhajar Ableton Live, wadda ta fito daga Berlin a 2001, da kwantirolarta mai suna Push da aka fara sayarwa a 2013, domin su hannuna ya fi sabawa da su. Wanda ke riƙe da Launchpad ko APC40 ko injin ganga mai zaman kansa zai ga cewa dabarar kusan ɗaya ce, ko da yake maɓallan sun bambanta.

Kafin komai, a san yawan lokacin da ake da shi. Idan kiɗa yana tafiya a gudun bugu 125 a minti, kowane bugu yana cin kashi 480 cikin dubu na daƙiƙa, gaɓa ɗaya mai bugu huɗu tana cin daƙiƙa 1.92, kuma idan aka raba gaɓar zuwa taki 16 kamar yadda injinan ganga suka saba yi tun zamanin Roland TR-808 na 1980, kowane taki kashi 120 ne cikin dubu na daƙiƙa. Kiɗan rawa na lantarki yana juyawa ne a kan jimlolin gaɓa 8 ko 16, wato daƙiƙa 15 da ɗoriya ko daƙiƙa 30 da ɗoriya. Wannan shi ne duk abin da mutum yake da shi don ya yanke shawara, ya kai hannu, ya aiwatar, ya saurari sakamakon. Da hannu biyu da rabin minti ba a iya yin abin da ake yi a sutudiyo da yini guda, saboda haka mafi yawan aikin a gida ake gama shi.

Mataki na farko: rarraba lup ɗin zuwa sassan da za a iya taɓawa

Lup ɗin da aka naɗa a fayil ɗin sauti guda, kik da tafi da hayihat (faifan ƙarfe biyu masu siririyar ƙara) duk a cuɗe, ba ya gyaruwa a dandamali sai dai a tace shi ko a yanka shi. Abin da ake so shi ne kowace murya ta ganga ta zauna a gurbinta. A Live ana yin haka da Drum Rack, inda kowane gurbi ke ɗauke da sauti ɗaya, sannan kilif na MIDI, wato ɗan guntun rubutun bugu wanda ba shi da sautin kansa, ya riƙa gaya wa kowane gurbi lokacin da zai buga. A Push, maɓallan roba 64 ne a jere takwas-takwas, kuma idan aka zaɓi tirak, wato layin sauti guda a manhajar, mai Drum Rack sai su kasu uku: guda 16 na ƙasa ta hagu su ne muryoyin gangar, layuka huɗu na sama su ne takun lup ɗin guda 32, guda 16 na ƙasa ta dama kuma su ne na tsawon lup.

Ka tsayar da mazaunin kowace murya, kada ya taɓa sauyawa daga waƙa zuwa waƙa. Tsarin General MIDI ya ba kik lamba 36, sineya (ƙaramar ganga mai kaifin ƙara) 38, tafi 39, hayihat rufaffe 42, buɗaɗɗe 46, kuma a Drum Rack lamba 36 ita ce maɓallin kusurwar ƙasa ta hagu. Ba dole ba ne ka bi wannan tsari, amma dole ne ka bi tsari ɗaya, domin a cikin duhu da hayaƙi da fitilu masu walƙiya yatsa ne ke tuna wuri, ido ba ya samun zarafin karanta suna. Ka haɗa hayihat rufaffe da buɗaɗɗe a rukunin shaƙewa guda, wanda manhajar ke kira Choke, ta yadda idan rufaffen ya buga zai katse wutsiyar buɗaɗɗen kamar yadda ƙafar makaɗi ke yi. Ka kuma duba cewa kowane sauti yana amsa ƙarfin bugu, domin idan an bar wannan saitin a sifili, bugun da ka yi da sauƙi da wanda ka yi da ƙarfi duk ɗaya za su fito, kuma rabin gyare-gyaren da za mu yi magana a kansu nan gaba sun tashi a banza.

Shawarata ita ce a fitar da kik a ba shi tirak nasa shi kaɗai. Dalili shi ne yawancin wasan da ake yi da lup, tacewa da maimaitawa da yayyankawa, yana ƙawata saman kiɗa amma yana rusa ƙasansa. Idan kik yana gefe, kana iya birkita sauran gangar yadda ka ga dama, masu rawa kuma ba su rasa abin takawa ba.

Idan kana da lup na sauti wanda kake ƙaunarsa, misali bugun konga da aka naɗa daga hannun makaɗi, ka fara daidaita shi da gudun waƙar a yanayin Beats, sannan ka yi amfani da umarnin Slice to New MIDI Track. Manhajar za ta yanka shi a kan kowane bugu ko kowane taki, ta zuba gutsattsarin a Drum Rack, ta kuma ba ka kilif ɗin da ke buga su a jere. Daga nan kowane gutsure ya zama abin matsarwa. Sai dai ba kowace ganga ce ke jure wannan wuƙa ba. Na gwada da naɗin kalangu, sai na tarar cewa maganarsa tana cikin yadda murya ke hawa da sauka bayan bugu, lokacin da makaɗi ya matse tsirkiya a hammata, kuma yankan da aka yi a kan kowane bugu yana katse wannan hawan a tsakiya. Ga irin wannan ganga, yanka a kan rabin gaɓa ko gaɓa ɗaya ya fi, ko da kuwa gutsattsarin sun zama kaɗan.

Mataki na biyu: taƙaita abin da hannu zai iya kaiwa

Kuskuren da ya fi yawa a wurin masu fara wannan aiki shi ne ɗaura kowane maɓallin murɗawa a kan wani abu don kawai yana nan. Push yana da guda takwas a saman allonsa, kuma ko takwas ɗin ba lallai ne a cika su ba. Ka tattara abubuwan da kake buƙata a kan makro na Drum Rack, wato maɓallan murɗawa na cikin manhajar da ake ɗaura wa saituka: filta mai cire ƙasan sauti, filta mai cire samansa, tsawon wutsiyar hayihat, yawan eko da ake aika wa tafi, da kaifin murya ko karkatar da ita ga gangunan ado. Sannan, kuma wannan ne muhimmin sashen, ka yanke wa kowane makro iyakar ƙasa da ta sama a cikin saitin ɗaurin. Filtar da ka murɗa har ƙarshe bai kamata ta kashe sautin gaba ɗaya ba, eko bai kamata ya iya kai matakin da zai riƙa ciyar da kansa yana kumbura ba, ƙarar kowace murya kuma kada ta wuce inda ka auna a gida. Idan ka yi haka, za ka iya murɗa maɓalli da zafin nama har ya tsaya da kansa, kana da tabbacin cewa mafi munin abin da zai fito ma abin saurare ne.

MIDI, yaren da kwantirola ke magana da kwamfuta da shi tun 1983, yana aika matsayin maɓalli da lamba daga 0 zuwa 127. Maɓallan Push suna juyawa ba iyaka, suna ƙarawa ko ragewa daga inda abu yake, don haka ba sa tsalle. Amma kwantirola mai feda ko maɓallin da ke da farko da ƙarshe tana da wata matsala: idan ka sauya tirak, hannun maɓallin yana 20 alhali filtar da ke manhajar tana 110, da zarar ka taɓa shi sai sautin ya faɗo ƙasa farat ɗaya. Maganin yana cikin saitin Takeover Mode. Zaɓin Pickup yana hana maɓallin aiki har sai ya riski lambar da ke manhajar, zaɓin Value Scaling kuma yana jan su biyun su haɗu sannu a hankali. Ni na fi son na biyun a dandamali, saboda maɓallin da na murɗa ban ji komai ba yana sa ni zaton waya ta cire.

Mataki na uku: lokaci da jinkiri

A bar daidaiton tashin kilif a kan gaɓa ɗaya, wanda shi ne saitin asali. Ma'anarsa ita ce duk lokacin da ka danna sabon kilif, zai jira farkon gaɓa mai zuwa kafin ya shiga, don haka kana iya dannawa da wuri ka saki hannu ka tafi wani aikin. Ka kunna daidaiton naɗi, wanda ke jan kowane bugu zuwa takin da ya fi kusa, a kan taki ɗaya cikin 16 idan kana da niyyar buga sababbin bugu da yatsa ana naɗa su. Girman bafa na katin sauti, wato yawan samfurin sautin da kwamfuta ke tarawa kafin ta fitar, kuma ya zauna a 128 ko 256: a gudun samfur 48,000 a daƙiƙa, 128 yana nufin jinkirin kusan kashi 2.7 cikin dubu na daƙiƙa, 256 kusan 5.3, 512 kuwa ya haura 10, kuma da an haɗa da sauran jinkirin na'urori yatsa zai fara jin sautin yana bin sa a baya. Idan kwamfutarka tana ƙaƙarniya a 128, ka hau 256, domin ɗan jinkiri ana iya sabawa da shi, amma tartsatsin da bafa ke yi idan ya gaza kowa a filin zai ji shi.

Idan akwai injin ganga na waje, agogo ɗaya ne zai yi jagora. Agogon MIDI yana aika bugun zuciya 24 a kowane bugu na kiɗa, kuma na'ura ɗaya ce za ta aika, sauran su karɓa. Ka kunna kik na kwamfuta da na injin tare a gida, ka gyara saitin jinkirin agogo har su zama murya ɗaya ba tare da wannan ɗan ninkin da ke sa kik ya yi laushi ba.

Mataki na huɗu: kwafi kafin gyara

Kada ka taɓa gyara asalin kilif. A cikin saitin Push ka zaɓi tsarin aiki na Clip, ta yadda maɓallin Duplicate zai kwafi kilif ɗin da ke wasa zuwa gurbin da ke ƙasansa, kiɗan kuma ya ci gaba ba tare da katsewa ba. Kwafin ne abin wasanka, asalin kuma yana nan a sama yana jiran ranar tsiya.

Na koyi wannan ne a wani ɗan ƙaramin taro, a kan tebur mai girgiza duk lokacin da bes ya sauka. Ina so in share hayihat in rubuta sabo, sai na riƙe Delete na danna maɓallinsa, dukkan bugunsa suka tafi kamar yadda na nufa. Amma yatsana ya sake sauka a kan maɓallin karo na biyu kafin in saki Delete, kuma a Push idan gurbi ba shi da sauran bugu a cikin kilif, wannan dannawar sautin kansa take cirewa daga gurbin. Na shiga danna taki ɗaya bayan ɗaya, fitilun suna kamawa, babu abin da ke fita. Sai da gaɓa takwas suka wuce, kik da tafi kaɗai suna tafiya tsirara, kafin na fahimci abin da ya faru na koma baya da Undo. Jama'a sun ɗauka da gangan na yi, har wani ya ɗaga hannu lokacin da hayihat ya dawo, amma rigata ta jiƙe sharkaf. Tun daga ranar na daina kusantar Delete a dandamali. Idan ina so taki ya yi shiru, sai in riƙe Mute in danna shi, ya dushe amma bai goge ba, kuma dannawa ɗaya ke dawo da shi.

Undo ma ba abin dogaro ba ne sosai, domin yana warware abu na ƙarshe da aka yi a manhajar ne ko mene ne shi, kuma idan ka murɗa maɓalli uku bayan kuskuren, su zai fara warwarewa.

Mataki na biyar: gyaran kansa

Mu ɗauki lup mai gaɓa biyu da kowa ya sani: kik a taki na 1, 5, 9 da 13 na kowace gaɓa, tafi a 5 da 13, buɗaɗɗen hayihat a 3, 7, 11 da 15, rufaffe kuma yana cike sauran. A Push kowane layi taki takwas ne, saboda haka kik zai bayyana a maɓalli na farko da na biyar na kowane layi cikin huɗun, abin da ido ke ganewa da kallo ɗaya.

Ka fara da ragewa, domin ita ce gyaran da ya fi tasiri kuma ya fi aminci. Riƙe Mute ka danna maɓallin wata murya, sai ta yi shiru nan take. A lura, wannan ba ya jiran farkon gaɓa kamar tashin kilif, lokacin yana wuyanka ne. Hanyar da ta fi dacewa ita ce a kashe murya a tsakanin bugunta biyu, a kuma kunna ta ɗan kafin bugun da ake so ta shigo da shi. Idan kana so kik ya dawo a bugu na ɗaya, ka buɗe shi bayan kik na huɗu na gaɓar da ta gabata ya wuce, lokacin da gurbin yake shiru, sai injin ya buga shi a kan lokaci da kansa. Wanda ya jira bugu na ɗaya kafin ya danna zai yanke kan sautin, kik ɗin ya fito ba haƙori. Cire kik na gaɓa biyu na ƙarshen jimla mai gaɓa 16 sannan a maido shi ya isa ya ɗaga fili. Cire shi na minti guda kuma wani abu ne daban, domin ƙafafu suna sanyi, kuma sai an sake tara su. Wanda ya kalli Jeff Mills, mutumin Detroit, yana wasa da TR-909 zai ga cewa babban sashen abin da yake yi buɗe muryoyi ne da rufe su, yana rubuta taki ana tsaka da tafiya, da ƴan muryoyi ƙalilan.

Bayan ragewa sai ƙarawa, kuma ƙa'idata a nan ita ce murya ɗaya a kowace jimla. Danna maɓallin muryar don takunta su bayyana a sama, sannan ka sanya sabon taki a wurin da fitilar da ke gudu ta riga ta wuce, ta yadda kana da kusan zagaye guda ka sake duba shi kafin ya yi ƙara. Wurare masu aminci ga gangar ado su ne takun da ke gab da bugu, kamar na 4, 8, 12 da 16, waɗanda ke tura kiɗa gaba. Idan kana so lup ɗin ya sauya hali gaba ɗaya ba tare da ka taɓa kik ba, sanya gefen sineya ko konga a taki na 1, 4 da 7, sannan 9, 12 da 15. Wannan rabon uku-uku-biyu shi ne ƙashin bayan kiɗan rawa da yawa na Afirka ta Yamma da na Karebiyan, kuma kunnen mutanenmu yana kama shi tun kafin zagaye na biyu.

Ƙarfin bugu ne ke bambanta lup mai rai da na inji. Riƙe taki, allon zai nuna maka ƙarfinsa da tsawonsa da matsinsa gaba ko baya, kowanne da maɓallin murɗawarsa. Hayihat da ke buga duk taki 16 da ƙarfi ɗaya yana gajiyar da kunne cikin minti biyu, amma idan na kan bugu suna wajen 100, na tsakani kuma wajen 65, sai ya fara numfashi. Ana iya riƙe taki da yawa tare a rage su gaba ɗaya, abin da ke cin daƙiƙa uku kacal. Ɓoyayyun bugun sineya, masu ƙarfin 30 zuwa 45, ana jin su ne a jiki fiye da a kunne, kuma su ne gyaran da nake yi idan na ga fili yana tafiya daidai ba na so in girgiza shi. Matsar da taki gaba ko baya kuwa aikin sutudiyo ne a ganina. Jinkirta tafi da ɗan kaɗan yana ba kiɗa nauyi, amma a cikin ƙarar dandamali da kuwwar ɗaki ba za ka iya auna wannan ɗan kaɗan ɗin ba, kuma za ka wuce gona da iri ba ka sani ba. Haka batun rangaji yake, wato ɗan jinkirta kowane taki na biyu don kiɗa ya yi lilo. A ma'aunin Roger Linn, wanda ya zana MPC60 na 1988, kashi 50 yana nufin taki a miƙe, 66 yana nufin rabon uku, kuma daɗin yawanci yana tsakanin 54 da 60. Kowace na'ura da yadda take ƙirga nata, saboda haka a zaɓe shi a gida da kunne, a bar shi.

Tsawon lup makami ne mai kaifi. Maɓallan ƙasa ta dama kowanne shafi ɗaya ne na taki: danna ɗaya sau biyu yana kulle lup a wannan shafin, riƙe ɗaya a danna wani kuma yana shimfiɗa shi a tsakaninsu. Idan kilif ɗinka gaɓa takwas ne, kana iya tsare shi a kan gaɓa biyun farko marasa ado na tsawon lokaci, sannan ka buɗe sauran lokacin da kake so ado ya shigo. Wata dabara kuma ita ce a ba gangar ado tirak nata da kilif mai taki 12, alhali sauran suna kan 16. Ba za su sake haɗuwa a farko ba sai bayan taki 48, wato gaɓa uku, kuma a tsakanin haka kiɗan yana ta sauya fuska ba tare da ka ɗaga yatsa ba, abin da ke ba ka sararin shirya gyara na gaba. Maɓallan gefen dama suna sauya girman taki, kuma idan ka zaɓi rabon uku, layuka biyu na tsaye da ke ƙarshen dama suna mutuwa, kowane layi ya koma taki shida. Wannan shi ne gurbin da kiɗan da ke tafiya uku-uku yake zama daidai, sai dai sauya girman taki yana sauya abin da kowane maɓalli ke nufi, don haka ka mayar da shi kan 16 da zarar ka gama.

Ciko na ƙarshen jimla ana yin sa ta hanya biyu. Ta farko da Repeat: riƙe shi, zaɓi saurin taki 16, danna sineya a bugu biyu na ƙarshe kana ƙara matsa yatsa don ƙarar ta hau, ka saki kafin bugu na ɗaya. Idan naɗi a kashe yake, cikon ya wuce ke nan bai bar sawu a kilif ba, kuma haka aka fi so, domin cikon da aka naɗa a lup mai gaɓa biyu zai dawo duk bayan kusan daƙiƙa huɗu har ya gunduri kowa. Ta biyu da na'urar Beat Repeat a kan tirak ɗin gangar sama. Ka sa Chance a sifili don kada ta tashi da kanta, ka zaɓi yanayin Insert wanda ke rufe asalin sautin lokacin maimaici, sannan ka ɗaura maɓallin maimaicinta a kan wani maɓalli da ke aika 127 idan an danna, 0 idan an saki. Da haka maimaicin yana raye ne muddin yatsa yana kai, kuma ba zai yiwu ka manta shi a kunne ba.

Akwai kuma tsalle tsakanin kilif. Ka shirya siga uku ko huɗu na lup ɗaya a tirak guda, mara ado da mai ado da mai cunkoso, ka kunna musu Legato, ka rage daidaiton tashinsu zuwa taki ɗaya. Legato yana sa sabon kilif ya karɓi wasa daga daidai inda na baya yake, maimakon ya koma farko, don haka kana iya aro bugu ɗaya daga mai cunkoso ka dawo, gaɓar ba ta karye ba. Tun Live 11 na 2021 kuma ana iya ba kowane bugu kason yiwuwar fitowa. Kashi 50 a kan ɓoyayyun bugu da gangar ado yana da kyau, amma kik da tafi su zauna a ɗari bisa ɗari.

Mataki na shida: hanyar komawa

Ka ajiye layi ɗaya na kilif, abin da Live ke kira Scene, wanda ke ɗauke da asalin lup ɗin kowace waƙa, kuma ka san maɓallinsa ba tare da ka kalla ba. Idan gyara ya lalace, kada ka tsaya kana farautar takin da ya ɓata shi. Kashe muryar da kake zargi, danna layin asali, ya shigo a farkon gaɓa mai zuwa, sannan ka mayar da makro inda suke. Kuskuren da bai wuce zagaye ɗaya ba yawanci ba a lura da shi, wanda aka bari ya zagayo sau huɗu ana lalube kuwa kowa ya ji shi. Kada kuma ka adana fayil ɗin bayan wasa a kan na asali. Ka ba shi sabon suna, domin gobe kana so ka tarar da shirinka yadda ka bar shi.

Injinan da ba sa buƙatar kwamfuta suna da nasu hanyoyin. A Digitakt na kamfanin Elektron na Suwidin, wanda ya fito a 2017, FUNC da YES suna ajiye tsarin na wucin gadi, FUNC da NO suna dawo da shi, don haka kana iya murɗa dukkan muryoyi tare har su fita hayyacinsu sannan ka maido su da dannawa ɗaya a kan bugu na ɗaya. TR-8S na Roland yana da siga takwas daga A zuwa H a kowane tsari, da feda ga kowace murya cikin 11, kuma dabarar ita ce a bar A yadda yake a riƙa wasa da sauran.

Saura batun wuta, wanda duk mai wasa a wurin da ake sauyawa tsakanin wutar gari da janareta ya san shi. Kwamfutar cinya tana da batir, amma katin sauti ko injin ganga mai adafta zai mutu a lokacin sauyin, kuma idan ya farfaɗo ba lallai manhajar ta sake ganinsa nan take ba. Ƙaramin UPS, wato akwatin batir mai riƙe wuta idan ta ɗauke, a ƙarƙashin tebur yana magance wannan. Idan ka ji gurnani a lasifika da zarar ka sa cajar kwamfuta, ka bi ta akwatin DI mai maɓallin ɗage waya ta ƙasa kafin miksa. Ka manne wayoyin USB da salatif a jikin tebur, ka kashe barcin kwamfuta da sanarwarta, ka bar wa babban fitarwa sarari na kusan desibel 6 tare da limita mai hana ƙara wuce iyaka a ƙarshe, domin ciko da maimaici suna tara ƙara fiye da yadda ake zato.

Atisaye kuma a yi shi a tsaye, fitila a rage, allon kwamfuta a juye gefe, na minti 20 ba tsayawa ko da an yi kuskure. Ka naɗi abin da ya fito, ka saurare shi washegari da takarda a hannu, kana ƙirga gaɓa nawa ke tsakanin kowane gyara da na bayansa. Inda ka tarar da gyara uku a cikin gaɓa takwas, ka cire biyu a atisaye na gaba. Inda ka tarar an yi gaɓa 32 babu abin da ya motsa, ka rubuta sunan muryar da za ka taɓa a wurin, da maɓallin da za ka taɓa ta da shi.